Yadda Ake Ajiye Bayanan Lafiyar Ma'aikatan da Ke Hulɗa da Abubuwa Masu Jawo Cutar Daji

Cutar dajin da mutum yake ɗaukowa a wurin aiki ba a wurin aikin take bayyana ba. Saurayin da ya yi ta yanka silin asbesto da zarto yana ɗan shekara 25, sau da yawa sai ya haura 55 kafin sankarar da ke kama tantanin da ya lulluɓe huhu ta fito masa. Kafin nan ya daɗe da barin kamfanin, manajan da ya ɗauke shi ya kwanta dama, ginin ma wataƙila ya koma sito. Likita zai ce, "Baba, wane aiki ka yi a da?" Ya ce, "Aikin kamfani." "Da me kuke aiki?" "Wani farin gari ne dai, a buhu yake zuwa." Daga nan magana ta ƙare. Likita bai samu abin da zai ɗora bincike a kai ba, iyali kuma ba su da hujjar neman diyya.

Don haka duk wanda aka ɗora wa wannan nauyi, jami'in kula da lafiyar ma'aikata ne, nas ɗin asibitin kamfani ce, ko akawun da aka ƙara masa wannan aiki a kan nasa, ya sa a ransa ba manajan yau yake rubuta wa ba. Likitan da zai buɗe fayil ɗin yanzu haka yana firamare. Bayan shekara 30 zai karanta, bai san kamfanin ba, kuma ba shi da wanda zai kira ya tambaya. Abin da ka rubuta shi kaɗai zai gani.

Tsawon wannan jira shi ya sa dokokin ƙasashe suka yanke wa'adi mai nisa. A Ingila ana ajiye takardar lafiyar irin waɗannan ma'aikata shekara 40 daga ranar da aka yi rubutu na ƙarshe a cikinta. Dokar Tarayyar Turai ta 2004 ita ma 40 ta ce, daga ranar da mutum ya daina hulɗa da sinadarin. A Amurka ana lissafa tsawon zaman mutum a aikin, a ƙara shekara 30. Yarjejeniya ta 139 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka cim ma a 1974 kan cutar dajin wurin aiki, ta nemi a kafa tsarin ajiye bayanai, a kuma ci gaba da duba lafiyar ma'aikaci har bayan ya bar aikin. Shawarata ka ɗauki 40, ka gina komai a kanta.

Mataki na 1: Fara daga sito, ba daga asibiti ba

Ɗauki littafi da biro, ka nemi mai kula da sito, ku bi duro-duro, buhu-buhu, galan-galan. Kowane kaya ka rubuta sunan da ke jikin mazubinsa, kamfanin da ya yi shi, sashen da ke amfani da shi, da yawan da ake sha a wata. Sannan ka nemi takardar bayanin haɗarin kowane sinadari daga dillalin da ke kawo shi. Takardar tana da sassa 16. Sashe na 2 ne ke faɗin haɗari, na 3 kuma ke faɗin abin da aka haɗa a ciki. In ka ga lamba H350 ko H350i, sinadarin na iya jawo cutar daji. H351 kuwa ana zarginsa ne. Ka kwafi lambar CAS, wato lambar shaidar da aka ba kowane sinadari, domin sunan kasuwa yana canzawa, lambar ba ta canzawa. Ta benzin, sinadarin nan da ke cikin fetur da wasu nau'o'in tina da gam, ita ce 71-43-2 a ko'ina a duniya.

Sai dai mafi yawan abin da ke cutar da ma'aikatanmu ba a duro yake zuwa ba, aikin ne ke haifar da shi, kuma ba shi da takarda. Hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, da ke birnin Liyon na Faransa, ta sa waɗannan duka a rukuni na ɗaya, wato waɗanda aka tabbatar suna jawo cutar ga ɗan Adam: ƙurar katako da kafinta ke shaƙa, ƙurar fata a wurin yin takalma, ƙurar silika daga fasa dutse da yankan tayil, hayaƙin injin dizal tun 2012, da hayaƙin walda tun 2017. Ka ƙara da asbesto a tsofaffin rufi da silin, kwaltar gawayin kwal, famalin a ɗakin gwaji da ɗakin ajiye gawa, da wasu rinai masu ɗauke da benzidin waɗanda ke taɓa mafitsara. Saboda haka bayan sito ka zagaya cikin masana'antar da ƙafarka lokacin da injina ke aiki, ka duba inda ƙura ke tashi da inda hayaƙi ke taruwa. Ɗakin janareta yana cikin lissafi.

Wani wuri da ake yawan kuskure shi ne kuromiyam. Majemun Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano galibi nau'i na uku suke jima da shi, wanda ba ya cikin rukuni na ɗaya. Nau'i na shida shi ne mugun, kuma ana samunsa a wurin shafa wa ƙarfe kurom, a waldar ƙarfen da ba ya tsatsa, da cikin wasu fentoci. In ka rubuta "kurom" kawai ka wuce, likitan gobe ba zai san wanne kake nufi ba.

Wannan jeri kada ka taɓa goge komai daga cikinsa. In an daina amfani da wani sinadari, rubuta ranar da aka daina, ka bar shi a wurin, takardar haɗarinsa ma ka ajiye ta.

Mataki na 2: Su wa abin ya shafa

Kada ka bi sunan muƙami, bi aikin hannu. "Lebura" ba ya nuna komai. Wani leburan buhu yake ɗauka a waje, wani kuwa shi ke shiga cikin tanki ya wanke. Ga kowane abu da ke jerinka na farko, tambayi fomin: wa ke buɗe shi, wa ke auna shi, wa ke tsaye kusa, wa ke share wurin bayan an tashi, wa ke gyaran injin in ya lalace?

Za ka tarar mutanen da suka fi kowa shaƙa su ne waɗanda sunansu ba ya cikin takardar albashi: masu shara, 'yan aikin wucin gadi da ake biya a rana, yaran da ke koyon sana'a, mai wankin kayan aiki, mai gadin da ɗakinsa ke jikin janareta, da ma'aikatan ɗan kwangila. Duk a buɗe musu kati. In ɗan kwangila ya ce shi zai riƙe na mutanensa, to a rubuta hakan cikin yarjejeniya, kai ma ka riƙe kwafi, don ɗan kwangila ya fi kamfani saurin ɓacewa.

Mataki na 3: Fayil biyu, kowanne da mai riƙonsa

Kowane ma'aikaci fayil biyu ake buɗe masa, kuma ba a haɗa su a durowa ɗaya.

Na farko na kamfani ne. A cikinsa akwai shaidar ko wane ne mutumin, tarihin ayyukan da ya yi da abubuwan da ya yi hulɗa da su, ranakun da aka duba lafiyarsa, sunan wanda ya duba, da hukuncin likita a taƙaice: ya dace da aikin, ya dace amma da sharaɗi kaza, ko a ɗauke shi daga wurin zuwa lokaci kaza. Iyakarta ke nan.

Na biyu na likita ne, yana hannun likita ko nas, a kulle. Nan ake sa sakamakon awon jini da fitsari, hoton ƙirji, cututtukan da mutum ke fama da su, ko yana shan taba, ko matar tana da juna biyu. Manaja ba shi da hurumin buɗe shi, ko da shi ya biya kuɗin awon. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin bayanai masu buƙatar tsaro na musamman, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta wajabta rufe sirrin majinyaci. Ban da doka kuma akwai abin da kowa ya sani: ranar da ma'aikata suka ji cewa abin da suka gaya wa nas ya isa kunnen ofis, daga ranar ba wanda zai ƙara faɗin gaskiya, kowa lafiya lau zai ce.

Mataki na 4: Shafin shaida

Wannan shafi ana raina shi, alhali a kansa fayil da yawa ke mutuwa. A masana'anta ɗaya kana iya samun mutum huɗu masu suna iri ɗaya, sunan uba iri ɗaya, kuma duk takardunsu na cewa ranar 1 ga Janairu aka haife su. Bayan shekara 30 wa zai bambance su?

Rubuta cikakken suna yadda yake a katin ɗan ƙasa, da sunan uba da na kaka, da laƙabin da aka fi saninsa da shi a wurin aiki, don tsofaffin abokan aiki laƙabin za su tuna. Sa lambar NIN, ko lambar CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata, in a Nijar ne, da lambar ma'aikaci wadda ba za a sake bai wa wani ba ko bayan ya tafi. Manna hoto. Rubuta adireshin da yake zaune, amma ka fi ba da ƙarfi ga garinsu na asali, unguwa da ƙaramar hukuma, saboda gidan haya ana tashi, lambar waya ana canzawa, amma in ka je garin mutum ka ambaci gidansu za a nuna maka. Ka ƙara da sunan magajinsa da na wani ɗan'uwa na biyu. Mata kuma a rubuta sunan gidan ubansu tare da na aure. Duk shekara a karanta wa mutum shafin ya tabbatar.

Mataki na 5: Tarihin hulɗa da sinadari

A nan gizo ke saƙar. In duk sauran shafuka suka ɓata wannan ya tsira, fayil ɗin ya biya kuɗinsa.

Duk lokacin da mutum ya fara wani aiki ko aka canza masa sashe, a buɗe sabon layi. Kowane layi ya amsa tambaya bakwai: daga yaushe zuwa yaushe, a wane sashe, me yake yi da hannunsa, da wane abu, awa nawa a rana kuma kwana nawa a mako, ta wace hanya abin ke shiga jiki, da wace kariya ce a wurin. Dubi bambancin waɗannan biyu:

*Sashen fenti, 2019 zuwa 2023.*

*Maris 2019 zuwa Yuli 2023. Fesa fenti a jikin ƙofofin ƙarfe, cikin rufaffen ɗaki mai taga biyu, babu injin zuƙe iska sai daga Janairu 2022. Kimanin awa 5 a rana, kwana 6 a mako. Fenti da tina masu lamba 12 da 17 a jerin sinadarai. Yana wanke hannu da tina bayan aiki. Takunkumin yadi har 2021, daga nan mai matatar gawayi, ana canza matata sai in an samu.*

Na biyun ne likita zai iya aiki da shi. Ka lura da jimlar ƙarshe. Jarabar da ke kama mai rubutu ita ce ya rubuta abin da ya kamata a ce an yi, wato "an ba shi kayan kariya", alhali kowa ya san a zafin Afrilu takunkumin a wuya yake rataye. Rubuta abin da idonka ya gani. Fayil ɗin da aka ƙawata ba ya kare kamfani a gaban mai bincike da ya san aikinsa, ma'aikacin ma ya cuce shi.

Ka tambayi ayyukan da mutum ya yi kafin ya zo, da waɗanda yake yi a gefe. Wani ya shekara biyar yana sayar da fetur a galan a bakin titi, yana zuƙo shi da tiyo a baki. Wani ya yi haƙar ma'adinai, wani makanike ne da hannunsa bai rabu da baƙin mai ba, wani duk damina shi ke feshin gona. Waɗannan duk hulɗa ce, kuma gara a rubuta su ranar ɗaukar aiki, lokacin da ba a fara jayayya kan wa ya jawo me ba.

Hatsari yana da nasa layi: duro ya fashe, tanki ya yi ambaliya, an rushe tsohon silin ba tare da an jiƙa shi ba. Rubuta rana, sunayen waɗanda ke wurin, minti nawa suka yi, da abin da aka yi musu. A sa kwafi a fayil ɗin kowannensu, kada a bar shi a littafin hatsari kaɗai.

In kamfani ya kira masu auna iska, kada rahoton ya tsaya a ofishin manaja. Rubuta a katin duk wanda awon ya shafa: rana, abin da aka auna, sakamako da ma'auninsa, tsawon lokacin awo, ko a jikin ma'aikaci aka rataya na'urar ko a bango aka kafa ta, da ɗakin gwajin da ya yi aikin. Ka rubuta iyakar da aka gwada sakamakon da ita, don iyaka tana sauka da zamani. Ta benzin a Amurka, misali, kashi 10 cikin miliyan ce a da, a 1987 aka sauke ta zuwa kashi 1. Masu aikin hoton asibiti da duk mai hulɗa da tururin nukiliya kuwa, sakamakon ɗan bajon da suke maƙalawa a ƙirji shi ne tarihinsu, kuma hukumar kula da harkokin nukiliya, NNRA, ce ke sa ido a kansa a Najeriya. In ba a taɓa auna iska ba, rubuta "ba a auna ba". Gurbin da aka bari fayau yana sa mai karatu ya zaci takarda ce ta ɓata.

Mataki na 6: Duba lafiya da rubuta sakamako

Lokaci uku ne: kafin mutum ya fara aikin, a kai a kai yana cikin aikin, da ranar da zai bar shi. Na farkon shi ne ma'auni. In ba ka san yadda jinin mutum yake ranar da ya zo ba, ba ka da abin da za ka gwada na bana da shi.

Likitan da ya san lafiyar ma'aikata shi zai zaɓi awon da ya dace da kowane abu. Ga mai hulɗa da benzin, ƙidayar ƙwayoyin jini, domin ɓargo yake taɓawa, da awon fitsari a ƙarshen aikin yini. Ga kuromiyam nau'i na shida, duba fata da cikin hanci don gyambo, da awon fitsari a ƙarshen makon aiki. Ga ƙurar silika, awon ƙarfin numfashi da hoton ƙirji, tare da sa ido kan tarin fuka, don huhun da silika ta lalata ya fi saurin kamuwa. Ga ƙurar katako da ta fata, tambaya kan toshewar hanci ta gefe ɗaya da haɓo. Ga masu rini da roba, tambaya kan jini a fitsari. Wanda za a yi wa awon gubar arsanik sai ya ƙaurace wa kifin teku da dangoginsa na kwana biyu ko uku, in ba haka ba sakamakon zai hau ba gaira ba dalili.

Lokacin ɗibar samfuri rabin sakamako ne. Fitsarin da aka ɗiba safiyar Litinin bayan hutun mako ba zai nuna benzin ɗin da aka shaƙa ranar Alhamis ba, jiki ya riga ya fitar da shi. Don haka a rubuta rana da ƙarfe nawa aka ɗiba, da aikin da mutum ya yi a yinin. A watan azumi da lokacin tsananin zafi fitsari yana yin kauri, sai a rubuta hakan a takardar, a kuma nemi ɗakin gwaji ya daidaita sakamakon da awon kiriyatinin, wanda ke nuna kaurin fitsarin. Mata a samar musu mace mai dubawa, in ba haka ba da yawa ba za su zo ba.

Abu biyu nake so a riƙe a nan. Na ɗaya, awo ba kariya ba ne. Hoton ƙirji duk shekara ba ya hana asbesto yin ɓarnarsa, kuma yawancin cututtukan dajin nan ba su da wani gwajin da ke kama su da wuri tabbas. Kamfanin da ke kashe kuɗi a awo ya bar ƙura na tashi, lissafin ɓarna kawai yake yi. Na biyu, sakamako mara kyau ba takardar sallama ba ce. A ɗauke mutum daga wurin, a ba shi wani aikin, a binciki dalili, a duba abokan aikinsa. Kowane ma'aikaci kuma a zaunar da shi a gaya masa sakamakonsa da harshen da yake ji, ya sa hannu ko ya dangwala. Mai hulɗa da asbesto ko silika in yana shan taba, likita ya gaya masa ƙarara cewa haɗuwar biyun tana ninka haɗarin sankarar huhu, a rubuta cewa an gaya masa.

Mataki na 7: Ka karanta abin da ka tara

Sau ɗaya a shekara likita ya jera sakamakon kowane sashe gefe da gefe, ba tare da suna ba, ya kawo wa shugabanni da wakilan ƙungiyar ma'aikata. Mutum ɗaya da fararen ƙwayoyin jininsa suka ragu ba labari ba ne. Mutum huɗu a ɗaki ɗaya labari ne. Da irin wannan dubawa aka gano abubuwa da yawa da muka sani yau. A 1895 likita Ludwig Rehn a Frankfurt ya lura da sankarar mafitsara tana maimaituwa a tsakanin ma'aikatan masana'antar rini. A 1964 Irving Selikoff ya yi amfani da rajistar ƙungiyar masu aikin naɗe bututu da asbesto a yankin New York, mutum 632, ya nuna yadda cutar daji ke cin su. Ba asibiti ne ya ba shi sunayen ba, littafin ƙungiya ne da wani ya riƙe da kyau.

Mataki na 8: Ajiyar da za ta kai shekara 40

Abokan gabar takarda a ƙasarmu sanannu ne: gara, ɓera, yoyon damina, ambaliya, gobara, da sabon shugaban da ya zo yana son ɗaki ya ce a fitar da tarkace. Sa fayil a kabad ɗin ƙarfe mai makulli, a ɗaga shi daga ƙasa, a janye shi daga jikin bango. Rubutu da baƙin biro, ban da fensir. Sakamakon da injin awo ke bugowa a siririyar takarda mai santsi irin ta rasit yana gogewa cikin 'yan shekaru, wani ma cikin watanni in ya sha zafi, don haka a yi masa hoto a takardar kirki tun ranar. Ƙusar sitefula tana tsatsa ta ci takarda. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na ƙasa, a rubuta gyara, a sa hannu da kwanan wata. A bangon kowane fayil a rubuta da manyan baƙaƙe: KADA A LALATA KAFIN SHEKARA KAZA.

Kwamfuta ba ta kawar da matsala, canza mata kama take yi. Wanda ya ajiye bayani a faifan fulofi a 1995 yau da wane inji zai buɗe shi? A ɗauki hoton kowane shafi, a ajiye a tsarin PDF/A da aka yi don doguwar ajiya, jadawali kuma a fitar da kwafinsa a tsarin CSV da kowace manhaja ke karantawa. Kwafi uku: ɗaya a ofis, ɗaya a wani gini daban, ɗaya a amintaccen rumbun intanet, duk a kulle da kalmar sirri. Filas ba wurin ajiya ba ne, wayar ma'aikaci ma haka, kuma kada a tura sakamakon kowa a zauren WhatsApp. Duk shekara a gwada buɗe kwafin ajiya a ga yana buɗuwa, duk bayan shekara biyar a mayar da shi sabon mazubi. Kalmar sirri mutum biyu su san ta, akwai mutuwa, akwai ajiye aiki cikin fushi. A ajiye ɗan littafi kusa da kabad, duk wanda ya buɗe fayil ya rubuta sunansa da rana da dalili.

Mataki na 9: Ranar rabuwa

Ko ritaya ce, ko sallama, ko mutum ne ya ga dama ya tafi, kada a biya shi kuɗin ƙarshe ba a yi masa awon fita ba. Sannan a miƙa masa kwafin tarihin hulɗarsa, da wasiƙa mai shafi ɗaya daga likita, da Hausa da Turanci ko Faransanci, mai cewa: wannan bawan Allah ya yi aiki da abu kaza daga shekara kaza zuwa kaza, alamun da za a lura da su su ne kaza, a riƙa duba shi duk bayan lokaci kaza. A ce masa, "Malam, ka adana wannan yadda kake adana takardar filinka, ka nuna wa iyalinka inda take, duk asibitin da ka je ka tafi da ita." Wannan kwafin sau da yawa shi ne zai rage a duniya.

Dalili kuwa kamfani ma yana mutuwa. Masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta ɗauki dubban mutane, a 2002 ta rufe. Mahaƙar yuraniyom ta COMINAK da ke Akouta kusa da Arlit a Nijar ta fara aiki a 1978, ta rufe a ƙarshen Maris 2021, alhali iskar radon da ake shaƙa a ramin ƙarƙashin ƙasa tana iya ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta nuna kanta a huhu. Saboda haka tun kamfani na da rai a rubuta inda fayiloli za su koma. In sayar da shi aka yi, su bi sabon mai shi, da takardar miƙawa mai ɗauke da adadinsu. In rufewa ce, a rubuta wa sashen duba masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago a nemi umarni, na likita a miƙa su ga asibitin da aka yi yarjejeniya da shi, a kuma sanar da ƙungiyar ma'aikata inda suke.

Mataki na 10: In cutar ta bayyana

Ranar da tsohon ma'aikaci ko ɗansa ya zo da takardar asibiti, a ba shi kwafi ba tare da ja-in-ja ba. A Najeriya Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa da kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi da masu kamfani ke zubawa, ta haɗa da cututtukan da aiki ke jawowa. Tana da wa'adi: ma'aikaci ya sanar da mai kamfani cikin kwana 14, mai kamfani ya kai rahoto cikin kwana 7, a shigar da buƙatar diyya cikin shekara ɗaya, sai in akwai uzuri na musamman. Don haka a rubuta ranar da likita ya tabbatar da cutar da ranar da labari ya iso kamfani. Dokar Masana'antu ma ta wajabta sanar da sufeto cutar da ake zargin aiki ne ya jawo ta. A Nijar CNSS ake nufa. Bayan haka a zaro katin duk waɗanda suka yi aiki a sashe ɗaya da shi a shekarun, a neme su.

Wanda ya makara, da wanda ba shi da kamfani

In ka karɓi wurin da ya shekara 15 yana aiki ba a taɓa rubuta komai ba, fara da na yau, sannan ka koma baya a hankali. Tsofaffin takardun albashi za su ba ka ranakun, takardun sayen kaya za su ba ka sinadarai, dattawan ma'aikata kuma su ba ka yadda ake aikin a da. Zaunar da su biyu-biyu ko uku-uku, suna gyara wa juna. Duk abin da aka samo ta wannan hanya a rubuta a gefensa "daga bakin ma'aikaci, an rubuta ranar kaza", don a bambance shi da wanda aka rubuta a lokacinsa.

Mai walda a bakin titi, kafinta, mai fentin mota da mai fasa dutse ba su da akawu, littafi mai bango mai tauri ya ishe su. Shafi ɗaya ga kowane mutum, har da yaran shago: ranar da ya fara, aikin da yake yi, awa nawa, da sunan fenti ko gam ko sandar walda yadda yake a jikin kwali. A ɗauki hoton kwalin da waya, a wanke shi a manna a littafin. Shugabannin ƙungiyar sana'a su riƙe kwafi na biyu, a sabunta shi duk shekara ranar da ake karɓar kuɗin ƙungiya.